Mai raka mawaƙi da fiyano: ɗan kanzagi ne ko makaɗi?

Wani matashi daga unguwar Zariya, nan Maraɗi, ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, shekarata huɗu ina buga fiyano a situdiyo. Ni nake ɗora wa mawaƙa kiɗa, wani lokaci ma ni nake gyara musu karin waƙar, amma in ta fita sunansu kaɗai ake ji. Abokaina suna ce mini ɗan kanzagi. Na ji an ce a kiɗan Turawa na dauri akwai mai buga fiyano shi kaɗai, akwai mai raka mawaƙi, akwai mai tsara kiɗa. Sana'a uku ce ko ɗaya? Akwai wanda ya haɗa su duka har ya ci abinci da su?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na daɗe ina koyar da fiyano da karatun rubutun kiɗa, abin da muke kira solfej a lakwal, kuma kusan duk yaron da ya zauna gabana burinsa guda ne: ranar da zai tsaya gaban jama'a a yi masa tafi. Masu tambaya a kan zaman baya ƴan kaɗan ne, shi ya sa zan tsawaita maka.

Sana'a uku ce, kowace da nata horon. Mai buga fiyano shi kaɗai aikinsa ya riƙe zaure da yatsu goma na tsawon awa ɗaya ko biyu, ba mai taya shi. Mai tsara kiɗa a ɗaki yake aiki, da takarda da alƙalami, yana rubuta abin da wasu za su buga ko bayan ransa. Mai rakiya kuwa kunnensa ne jarinsa. Akwai waɗanda suka haɗa ukun, kuma wadda na fi so ka san labarinta wata Bajamushiya ce, Clara Schumann. Ta yi shekara 61 tana hawa dandali, kuma da wannan sana'a ta riƙe ƴaƴa bakwai, daga baya har da jikoki, bayan mijinta ya kwanta ciwo.

Kafin in shiga labarinta, bari in cire maka ƙayar da abokanka suka soka maka. Kanzagi, tun kafin kalmar ta zama gori, sunan ƙaramar ganga ce da ake bugawa a bayan manyan ganguna, ita ke riƙe musu tafiyar kiɗa. Haka ƴan amshi. Ƴan siyasa ne suka ɓata kalmar, suka mai da "ƴan amshin Shata" laƙabin wanda ba shi da ra'ayin kansa. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa zama cikin tawagar makaɗi, a fada ko a filin kokowa. In ƴan amshi suka shigo da wuri sun tare wa mawaƙi baki, in suka makara waƙa ta faɗi ƙasa. A daidai lokacin da suke amshi ne mawaƙi yake haɗiye yawu, yana shirya ɗan waƙa na gaba a ransa. Mu da muka tashi cikin wannan al'ada mun fi kowa cancantar gane aikin mai rakiya.

An haifi Clara Wieck a birnin Leipzig na Jamus ranar 13 ga Satumba 1819. Mahaifinta, Friedrich Wieck, malamin fiyano ne, yana kuma sayar da fiyano. Mahaifiyarta, Marianne, mawaƙiya ce kuma gwanar fiyano. Auren ya mutu Clara tana ƴar shekara biyar, uban ya riƙe ta. Yarinya ce da ta makara wajen magana, sai da ta wuce shekara huɗu kafin bakinta ya buɗe. Uban ya ƙudura tun tana cikin zanen goyo cewa ita ce za ta zama shaidar hanyar koyarwarsa. Kullum darasi na awa ɗaya, bita ta awa biyu, sannan doguwar tafiya a ƙasa don ƙarfin jiki. Bai tsaya ga fiyano ba: an koya mata waƙa, da gogen Turawa, da ilmin haɗa sautuka, da tsara kiɗa. Ka lura da koyon waƙar nan. Wanda numfashinsa bai taɓa ƙarewa a tsakiyar baiti ba ba zai san inda mawaƙi yake buƙatar a jira shi ba. Amma mutumin yana da tsanani da son iko ƙwarai. Littafin da ake rubuta al'amuran ranakunta a ciki, shi ne ya riƙa rubuta shi da bakinta, yana cewa "ni" a madadinta. Kuɗin da take samu kuma a hannunsa suke.

Tana shekara tara, a 1828, ta fara bugawa a Gewandhaus, babban zauren kiɗa na Leipzig. A 1830 ta yi taron kiɗa nata na kanta a can. A 1831 ta buga wa tsohon marubucin Jamus Goethe a gidansa na Weimar, daga nan suka wuce Faris, inda annobar kwalara ta 1832 ta rage musu ƴan kallo. A 1838, tana shekara 18, fadar sarkin Ostiriya da ke Biyana ta naɗa ta gwanar kiɗa ta fada, sarautar da ba a saba ba wa baƙo ba, balle mace, balle mai irin shekarunta.

Abin da na fi so ka riƙe daga ƙuruciyarta shi ne kiɗan da ta tsara aka fara buga shi a Nuwamba 1835, tana shekara 16, ita a kan fiyano, sanannen mai tsara kiɗa Felix Mendelssohn yana jagorantar ƙungiyar makaɗa. Irin kiɗan da ake kira konsato ne, wato kayan kiɗa ɗaya yana musayar magana da babbar ƙungiya. Matasa suna tsara irinsa ne don su nuna gudun yatsu, kuma akwai gudun yatsu a ciki sosai. Amma a kashi na tsakiya sai ta sa ƙungiyar duka ta yi shiru. Fiyano ya fara rera karin shi kaɗai, sannan ta miƙa karin ga babban goge guda ɗaya mai kakkaurar murya, wanda ake kira celo, ita kuma ta koma baya tana raka shi. Kiɗanta ne, ranarta ce, zauren garinsu ne, amma a wurin da ya fi taushi sai ta zaɓi ta saurari wani. Duk sanda na sa wa ɗalibai wannan wuri sai in tsayar da shi in ce su faɗa mini wa ke gaba. Ba su taɓa haɗuwa a kan amsa ɗaya ba.

Robert Schumann ɗalibin mahaifinta ne, ya girme ta da shekara tara, ya zauna a gidansu daga 1830. Burinsa ya zama gwanin fiyano, sai hannunsa na dama ya samu lahani, ya koma ga tsara kiɗa da rubutu a jarida. Da soyayya ta shiga tsakaninsu uban ya ce atafau bai yarda ba. Ya hana su haɗuwa, ya riƙe mata kuɗinta, ya yi ta ɓata sunan saurayin. Sai da suka kai shi kotu, alƙalai suka ba su gaskiya, aka ɗaura auren ranar 12 ga Satumba 1840, ana gobe za ta cika shekara 21. A wannan shekara kaɗai Robert ya tsara waƙoƙi sama da 130 na murya ɗaya da fiyano.

A nan zan zauna, don nan ne amsar tambayarka take.

Irin waɗannan waƙoƙi Jamusawa suna kiran su Lieder. Ana ɗaukar rubutacciyar waƙa ta wani sha'iri, a tsara mata kari na murya da kuma kiɗan fiyano, kuma fiyanon yana da nasa abin faɗa. Franz Schubert, yana ɗan shekara 17 a 1814, ya tsara wata a kan budurwa tana kaɗi tana tunanin saurayinta. Su da keke suke kaɗi, wanda ake juyawa da ƙafa, mu da mazari, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da kakarsa tana kaɗa zare zai gane. Hannun dama na mai fiyano shi ne keken, yana juyawa ba tsayawa, hannun hagu shi ne ƙafar da ke taka shi. Da tunaninta ya kai maƙura sai keken ya tsaya cak. Muryar ta yi shiru. Sannan fiyano ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, ya sake, ya kasa, kafin ya ci gaba da juyawa. Ba kalma ko ɗaya a waƙar da ta ce hannunta ya mutu a kan aiki. Mai fiyano ne ya faɗa.

Robert ya ƙara gaba. A jerin waƙoƙi takwas da ya tsara a 1840 a kan rayuwar mace, daga ranar da ta fara ganin mijinta har ranar da ya rasu, waƙar ƙarshe takan ƙare da muryar ta yi shiru, sai fiyano shi kaɗai ya dawo da kiɗan waƙar farko, ta ranar haɗuwarsu. Mawaƙiya tana tsaye ba ta cewa komai, mai rakiya ne yake tuna mata. In ya buga wurin da garaje ya rusa duk abin da ta gina cikin minti ashirin. In ya buga shi daidai, za ka ga mutanen da ba su jin Jamusanci suna share hawaye.

To me mai rakiya yake koyo, wanda mai buga fiyano shi kaɗai zai iya tsufa bai koya ba?

Numfashi shi ne farko. Ina sa ɗalibaina su ja numfashi tare da mawaƙi, a daidai inda yake ja, har ya zame musu jiki. Hannu yakan jira da kansa in ƙirji ya jira. Sannan kalmomi. Sautin fiyano a kan wasali yake sauka, don haka in kalma ta fara da baƙi mai nauyi sai ka bar wa mawaƙi ɗan sarari ya furta shi. Wannan ya fi muhimmanci a Hausa, inda muke da ƙ da ɗ da ts, da baƙaƙe masu ruɓi, da dogon wasali da gajere, da hawa da saukar murya da ke canja ma'ana. Mai kalangu ya san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa gangarsa take magana. Mai fiyanon da bai haddace kalmomin waƙar da yake rakawa ba kamar mai jan makaho ne da bai san inda za su ba.

Akwai kuma auna ƙarfi. Babban fiyano yana da maɓallai 88 da wayoyi sama da 200, yana iya binne kowace murya. Inda murya ta sauka ƙasa nan ne take da rauni, nan ne za ka sassauta hannu ka rage taka feda, matakin ƙafa da ke tsawaita sautin fiyano. Inda ta hau sama tana so a tallafe ta daga ƙasa, kamar yadda ake tallafar mai ɗaukar kaya. Akwai canja matakin murya: mawaƙi ya tashi da mura, ya ce a sauke masa waƙar, dole ka buga ta a wani mataki nan take. Na san fiyanon lantarki da kake aiki da shi yana da maɓallin da ke yi maka wannan, amma ka koya da hannunka, don kunnen da ya iya wannan ya fi jin yadda sautuka suke da dangantaka. Na ƙarshe, wanda ba a rubuta shi a kowane littafi, shi ne rufin asiri. Mawaƙi zai manta baiti, zai tsallake layi, zai shigo kafin lokaci. Aikinka ka yi tsalle ka same shi inda yake, fuskarka ba ta nuna komai ba, jama'a su tashi ba su san an yi kuskure ba.

Clara ta yi wannan aiki tsawon rayuwarta, tana tsakiyar shahararta. Ta raka manyan mawaƙan zamaninta, irin su Julius Stockhausen, mai kakkaurar murya, wanda yana cikin waɗanda suka fara rera jerin waƙoƙi cikakke a zama ɗaya maimakon a tsinci ɗaya ko biyu. Kada kuma ka zaci ciwon da kake ji bai taɓa ta ba. A sanyin 1846 zuwa 1847 ta koma Biyana, garin da ya ɗaukaka ta a baya, ta tarar kasuwa ta juya. Ta yi wasa uku zaure bai cika ba. A na huɗu sai Jenny Lind, mawaƙiya daga Suwidin wadda duk Turai ke rububinta a lokacin, ta yarda ta yi waƙa a ciki. Zaure ya cika maƙil, kuɗin tafiya suka fita. Clara ta rubuta a littafinta cewa abin ya yi mata ɗaci, ganin waƙa ɗaya daga bakin Lind ta yi abin da duk bugunta bai yi ba. Kunnen ɗan Adam murya yake fara bi, a Biyana ne ko a Maraɗi, kuma wannan ba zai canja ba. Duk mai shiga sana'armu gara ya san haka tun da wuri.

Zaman auren nasu akwai ƙauna, akwai kuma matsi. Cikin shekara 14 ta haifi ƴaƴa takwas, ɗaya ya rasu yana jariri. Gidansu na farko bangonsa ba kauri, in Robert yana tsara kiɗa ba ta iya bita, sai ta jira ya fita. Shi kuma ba shi da hannun buga abin da ya tsara, ita ce hannunsa. Ita ta fara buga babban konsatonsa na fiyano a Dresden a Disamba 1845, ita ta kai kiɗansa Rasha a 1844 da sauran ƙasashe, lokacin da sunanta ya fi nasa tashi nesa ba kusa ba. Jarumtarta ba a kan dandali kaɗai take ba. Da tarzoma ta ɓarke a Dresden, inda suke zaune, a Mayu 1849 ta fitar da mijinta da babbar ƴarsu zuwa ƙauye, sannan ta komo cikin garin da ake harbe-harbe, da ciki wata bakwai, ta kwaso sauran yara uku.

A cikin wannan hali ta riƙa tsara nata. A 1841 suka fitar da waƙoƙi 12 da sunansu su biyu, uku nata ne, ba a nuna wace ce ta wa ba, kuma masu sharhi suka kasa rarrabewa. A 1846 ta tsara kiɗan mutum uku, fiyano da goge da celo, mai kashi huɗu. A ganina shi ne mafi girman aikinta, kuma abin da ya sa ya yi kyau shi ne babu wanda aka mai da bawa a cikin ukun. Kari yakan fito daga goge, celo ya karɓa, fiyano ya juya shi ya mayar. Sai wanda ya daɗe yana sauraron abokan bugunsa yake iya rubuta haka. A 1853, a Düsseldorf, da suka samu gidan da za ta iya buga fiyanonta ba ta dami kowa ba, cikin ƴan watanni ta fitar da ayyuka a jere, ciki har da gajerun kaɗe-kaɗe uku na goge da fiyano da ta sadaukar ga gwanin goge Joseph Joachim.

Abin da ke sosa mini rai shi ne ba ta yarda da kanta a wannan fanni ba. Tun a 1839 ta rubuta cewa ta taɓa zaton tana da baiwar ƙirƙira amma ta bar wannan tunani, wai bai kamata mace ta so tsara kiɗa ba tunda ba wadda ta taɓa iyawa. Ta yi kuskure, kuma zamaninta ne ya cusa mata shi. A daidai lokacin Fanny, yayar Mendelssohn, tana Balin tana tsara kaɗe-kaɗe da waƙoƙi da suka haura 400. Louise Farrenc tana Faris tana rubuta wa manyan ƙungiyoyi. Ina faɗin wannan ne don ƴan matan da ke zuwa wurina, waɗanda sau da yawa sun fi samarin kunne, amma in na ce su kawo karin da suka ƙaga da kansu sai su sunkuyar da kai.

A ƙarshen 1853 wani saurayi ɗan shekara 20 daga Hamburg, Johannes Brahms, ya ƙwanƙwasa ƙofarsu da takardun kiɗansa. Bayan wata biyar, a Fabrairu 1854, ciwon taɓin hankali da ya daɗe yana bibiyar Robert ya yi tsanani, ya faɗa kogin Rhine, aka ceto shi, aka kai shi asibitin masu irin wannan ciwo a Endenich kusa da Bon. Clara tana da cikin ɗansu na ƙarshe, wanda ta haifa a Yuni. Likitoci suka hana ta ganinsa sama da shekara biyu, sai ana saura kwana biyu ya cika. Ya rasu ranar 29 ga Yuli 1856. Tana da shekara 36.

An so a yi taron kiɗa don tara mata taimako, ta ƙi. Ta ɗauki jakarta ta koma hanya. Daga 1856 ta fara zuwa Ingila, ta je sau 19, na ƙarshe a 1888. Da Joachim, gwanin goge ɗan Hangari wanda ta girma da shekara 12, sun yi wasa tare sama da sau 200. Ka yi tunanin mutum biyu suna buga kiɗa tare kusan shekara 40: an kai inda ɗaya ba ya buƙatar kallon ɗaya. Ta kuma canja abin da ake nufi da taron fiyano. A ƙuruciyarta ana cika shi da kaɗe-kaɗen burgewa, ita kuwa ta mai da shi wurin kiɗan manyan masu tsara kiɗa irin su Bach da Beethoven da Chopin da Mendelssohn da mijinta da Brahms, kuma tana cikin waɗanda suka fara bugawa da ka, ba takarda a gaba. Brahms ya ƙaunace ta, wasiƙunsa sun nuna. Ba ta sake aure ba, shi ma bai taɓa yi ba, suka zauna aminai shekara 43, kuma yakan aika mata sabon aikinsa ta duba kafin duniya ta ji. Wannan ma wata rakiya ce, ta kunnen da aka yarda da shi.

Amma abin ya ci mata. Yara sun tashi a rarrabe, wasu wurin dangi, wasu a makarantun kwana. Julie ta rasu a 1872, Felix a 1879, Ferdinand a 1891 ya bar mata ƴaƴansa, Ludwig kuma ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali. Ciwon hannu ya hana ta bugawa sama da shekara ɗaya a tsakiyar shekarun 1870, sai da ta je jinya Kiel. Ka ji wannan da kyau, kai da kake kwana a situdiyo a kan kujerar roba, kafaɗa a ɗage: hannu yana da iyaka, in ya fara zugi ka tsaya. Tsara kiɗa kuwa, bayan rasuwar Robert kusan ta daina shi ɗungurungum. Lambar ayyukanta a 23 ta tsaya. Ta yi sauran shekara 40 tana hidimar kiɗan wasu, har da tattara dukan ayyukan mijinta ta tace su aka buga tsakanin 1881 da 1893. Ina girmama wannan hidima, amma ina jin takaicin kaɗe-kaɗen da ba ta rubuta ba. Rakiya sana'a ce mai daraja, tana kuma iya cinye mutum in bai keɓe wa nasa lokaci ba.

A 1878 ta karɓi aikin babbar malamar fiyano a makarantar kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt, bisa sharuɗɗan da ita ta gindaya: awa ɗaya da rabi a rana, a gidanta, da hutun da zai ba ta damar tafiye-tafiye, ƴaƴanta Marie da Eugenie suna taya ta da masu farawa. Ɗalibai suka zo daga Ingila da Amurka da sauran wurare. Ba a ɗauki bugunta a faifai ba, amma ɗalibanta irin su Fanny Davies da Adelina de Lara sun bar nasu, a nan ake jin inuwar koyarwarta. Wasanta na ƙarshe a bainar jama'a ranar 12 ga Maris 1891 ne, kuma abin da ta rufe da shi kiɗan Brahms ne na fiyano biyu, ita da wani malami abokin aikinta. Ta rasu ranar 20 ga Mayu 1896 tana da shekara 76, aka binne ta a Bon kusa da mijinta. Daga 1990 har zuwan kuɗin yuro hotonta ne a kan takardar mark 100 ta Jamus.

Yanzu in dawo kanka. A cikin wasiƙarka akwai abu biyu da ka haɗa, ya kamata ka raba su. In mawaƙi ya zo da karinsa cikakke ka ɗora masa kiɗa, rakiya ka yi, a biya ka ladan aikinka. In kuwa kai ka gyara karin, ko ka ƙaga shi, ko ka tsara gabatarwa da abin da ke shiga tsakanin baitoci, to ka shiga sana'a ta uku, kuma kana da haƙƙi a cikin waƙar. Ku yi magana kafin a ɗauki murya, cikin mutunci, a rubuta, a sa sunanka inda ake sa suna. Ƙasarmu tana da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, ka je ka yi rajistar abin da ka tsara. Neman wannan ba rashin kunya ba ne. Clara kanta sai da ta yi jayayya da mahaifinta a kan kuɗin da yatsunta suka samo.

Wani abu kuma da ya fi damuna shi ne yadda ake aiki a situdiyo yanzu. Kana kunna bugun na'ura, yana tafiya kamar agogo, mawaƙi ne yake bin sa, kai ma shi kake bi. A haka ba wanda yake sauraron wani, kuma shekara huɗu za su iya zama goma kunnenka bai ƙaru ba. Ka keɓe awa ɗaya kullum ka kashe shi. Ka samu mawaƙi, ko ƙanwarka mai waƙar gaɗa, ko wani dattijo mai gurumi, ka bi shi da fiyano kaɗai. Za ka tarar yawancin karinmu a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma in ka cika masa haɗe-haɗen sautuka irin na Turawa sai ya shaƙe. Sau da yawa sauti biyu a hannun hagu sun ishe shi. Ka kuma koyi karatun rubutun kiɗa, don da shi ne za ka ajiye karin da ya zo maka da dare, kamar yadda yarinyar Leipzig ta ajiye nata muke bugawa yau.

Kafin Asabar ka nemi na farko cikin kaɗe-kaɗe ukun nan da ta tsara wa Joachim, suna nan a YouTube, minti uku ne kacal. Ka saurare shi sau biyu. A na farko ka bi goge. A na biyu ka manta da goge, ka bi fiyano, ka ƙirga wuraren da ya jira da wuraren da shi ne ya fara magana goge ya amsa. In ka gama, ka zo bayan la'asar tare da mawaƙin naka da waƙar da kuke aiki a kanta, mu buga ta ba na'ura.